A KORI KOCI, A SAYO TAURARO: SHIN NAN CIWON YA KE?

Duk wanda ya saba da majalisun samari na Doka, ko na Kawo da Unguwar Shanu da Unguwar Rimi, ya san cewa idan kulob ya sha kashi da yammacin Lahadi, to, kafin masu shayi su tashi an riga an yanke hukunci. Hukuncin nan kuwa ba ya sakewa, kullum kashi biyu ne: a kori koci, a sayo sabon ɗan wasa. Haka a ke yi wa kulob ɗin gida, haka kuma a ke yi wa na Ingila da na Sifen waɗanda mu ke biyan kuɗi mu kalla a gidajen kallo. Ɗalibi ya faɗi haka a ɗakin kwana, ƙaramin ma'aikaci ya maimaita a ofis ran Litinin da safe, har maganar ta zama tamkar karatun da kowa ya haddace. Abin da na ke so mu duba a wannan maƙala shi ne, shin magungunan nan biyu da mu ke rubuta wa kowane kulob marar lafiya, sun taɓa warkad da wanda muka sani kuwa? A nawa ganin, yawancin lokaci mun bar jaki ne muna dukan taiki, kuma wannan ɗabi'a tana daga cikin abubuwan da suka sa birni kamar Kaduna, wanda ya haifi gwanayen da duniya ta sani, ya shafe shekaru ba a jin ɗuriyarsa a babbar gasar ƙasa.

Bari mu fara da abin da ya faru a kan idonmu. A kakar wasa ta 2020 zuwa 2021, Kano Pillars ta yi ƙaura zuwa filin wasa na Ahmadu Bello da ke nan Kaduna, domin filinta na Sani Abacha an mai da shi wurin killace masu cutar korona tun a 2020. Ana nan, a watan Afrilu na 2021, sai labari ya ɓulla cewa Ahmed Musa, kyaftin ɗin Super Eagles a lokacin, ya komo Pillars. Wanda bai ga irin murnar da aka yi ba, ba zai gane ta a baki ba. Kuma murnar tana da dalili. Wannan shi ne yaron da ya ci wa Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, ya tafi Holan, ya wuce CSKA Moscow ta Rasha, ya taka leda a Leicester ta Ingila da Al-Nassr ta Saudiyya. Shi ne ya zura wa Ajantina ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014, ya kuma zura wa Aisilan biyu a ta 2018. Magoya baya suka ce ai magana ta ƙare, kofi ya zo gida, sauran kulob-kulob sai su nemi na biyu.

To, mene ne ya biyo baya? Kocin da aka fara kakar da shi, Bafaranshe Lionel Soccoia, ya riga ya kama gabansa tun kafin Musa ya iso. A watan Yuni aka yi hatsaniya a filin Ahmadu Bello lokacin wasan Pillars da Akwa United, har wasa ya tsaya, aka ci tarar kulob. A watan Yuli Musa ya sami kulob a Turkiyya, watau Fatih Karagümrük, ya tafi abinsa, kamar dai yadda kowa ya san zai yi. Da kaka ta ƙare, Akwa United ta Uyo ce ta ɗauki kofi a ƙarƙashin koci Kennedy Boboye. Shekara guda bayan haka, a 2022, sai ga Kano Pillars, mai kofin lig har huɗu, na 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta gangara zuwa rukuni na biyu. A waccan kakar an farfasa motar Katsina United a Kano, an ci zarafin mataimakin alƙalin wasa a karawarsu da Dakkada, hukumar gasar kuwa ta rage wa kulob maki. Makin nan da aka rage, jama'a, ba koci ne ya zubad da shi ba, ba kuma ɗan wasa ba ne.

Kada wani ya ɗauka laifin Ahmed Musa na ke gani. Ko kusa. Mutumin da ya ga jiya ya ga yau a Turai, sa'an nan ya yarda ya komo ya taka leda a filayenmu masu ramuka, ya cancanci yabo, kuma zuwansa ya jawo hankalin mutanen da suka daɗe da juya wa gasar gida baya. Da ya sake komowa a watan Oktoba na 2024, ƙwallo biyu ya ci Sunshine Stars a wasansa na farko. Amma a cikin wannan kakar ce kuma aka dakatad da koci Usman Abdallah a watan Fabrairu na 2025, bayan tsamin dangantaka tsakaninsa da magoya baya, alhali kuwa shi ne mutumin da ya ci wa Enyimba kofin lig a 2019. Kofin kuma bai je Kano ba. Watau sau biyu ke nan aka sayo tauraro, sau biyu aka taɓa koci, ciwo kuwa yana nan inda ya ke. Ruwa dai ba ya tsami banza, dole akwai wani abu a ƙasa wanda ihunmu bai taɓa ba.

Dalilin kuwa ba boyayye ba ne ga mai son ya duba. A gasar da kulob 20 ke fafatawa, kowane kulob wasa 38 ya ke yi, rabi a gida rabi a waje. Wasannin wajen nan, a ƙasa mai faɗin Nijeriya, yawancinsu a mota a ke zuwa. Yaro ya yini ya kwana a hanya daga Kano zuwa Uyo ko Fatakwal, ya sauka da kumburarriyar ƙafa, ya kwana a masaukin da kuɗin kulob ya iya biya, gobe a ce ya shiga fili ya yi minti 90. In an yi rashin sa'a, yana bin albashin watanni, ga mai gidan haya yana jiransa, ga iyali. In ya ji ciwo, sai abin da hali ya yi. Yanzu don Allah, ɗan wasa guda, komai gwanintarsa, wanne daga cikin waɗannan zai gyara? Mai cin ƙwallo ba ya ci sai an miƙo masa, mai miƙowa ba ya miƙowa sai wani ya ƙwato, mai ƙwatowa kuwa ba ya gudu da yunwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle jinkar da ginshiƙanta gara ta ci.

Mai karatu zai iya cewa ai wannan matsalar talauci ce irin tamu, a Turai inda kuɗi ya ke sayen tauraro yana aiki. To, mu leƙa can, mu kuma bi sawun Ahmed Musa ɗin dai. A 2016 Leicester ta ba duniya mamaki, ta ci kofin lig na Ingila a ƙarƙashin Claudio Ranieri. Su wane ne suka ci mata? Jamie Vardy, wanda aka saya fam miliyan 1 daga ƙaramin kulob na Fleetwood a 2012. Riyad Mahrez, ɗan Aljeriya, wanda aka ɗauko daga rukuni na biyu na Faransa a kan kuɗin da bai kai rabin miliyan ba. Sai N'Golo Kante, wanda kafin 2015 ba kowa ya san sunansa ba. Ba ɗayansu da aka yi wa gangami ranar da ya iso. Da aka ci kofi sai aka buɗe jaka, aka sayo Musa a kan fam miliyan 16 da ɗoriya, aka sayo wasu, amma aka bar Kante ya tafi Chelsea. Kante kuwa shi ne mai aikin da ba a tafa wa, mai ƙwato ƙwallo a tsakiya. Kulob ya rikice, Musa bai ci fiye da ƙwallo biyu a lig ba, a watan Fabrairu na 2017 aka kori Ranieri, wata tara kacal bayan ya ɗaga kofi. Chelsea da ta ɗauki Kante ita ta ci kofin 2017. Ashe ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Mu koma kan koci, wanda shi ne taikin da ya fi shan duka. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Clemens Westerhof, mutumin Holan, wanda ya karɓi Super Eagles a 1989. Wasansa na farko a gasar cin kofin Afirka ta 1990, Aljeriya ta lallasa mu da ci 5 da 1. Da a majalisarmu ta yau a ke yanke hukunci, da a daren nan an haɗa masa kayansa. Amma aka bar shi. A wannan gasar dai ya kai mu wasan ƙarshe, a 1992 ya zo na uku, a 1994 ya ɗauko kofin a Tunisiya, ya kuma kai Nijeriya gasar cin kofin duniya karo na farko a tarihinta. Shekara biyar ya yi yana gini, yana zagaya filayen ƙasar nan yana tsinto yara. Ɗaya daga cikin waɗanda ya tsinto, a nan Kaduna ya same shi, a Ranchers Bees, watau Daniel Amokachi, wanda ya tafi da shi Aljeriya yana ɗan shekara 17.

Magoya bayan Manchester United, waɗanda ba su da kaɗan a garin nan, su ma suna da nasu darasin. Alex Ferguson ya zo kulob ɗin a watan Nuwamba na 1986. Ya shekara uku da rabi bai ci ko cokali ba, har 'yan kallo suka riƙa ɗaga ƙyalle suna neman ya tafi. Kofinsa na farko sai a 1990, kofin lig kuwa sai a 1993. Da ya tashi barin aiki a 2013, ya bar musu kofin lig 13. Daga ranar da ya tafi aka shiga irin maganinmu. Aka kawo Moyes aka kora, aka kawo Van Gaal aka kora, haka Mourinho, haka Solskjaer, haka Ten Hag. Aka sayo Paul Pogba fam miliyan 89 a 2016, aka sayo wasu birjik. Daga 2013 zuwa 2025, shekara 12 cur, kofin lig bai koma gidan ba. Kowane sabon koci ya zo da nasa tsarin, ya tarad da 'yan wasan da wani ya saya don wani tsari dabam, kafin ya gama share wuri an kore shi, na bayansa ya sake sabon lale.

A gida ma ba mu rasa misali ba. Remo Stars ta garin Ikenne a Jihar Ogun, kulob ne na ɗan kasuwa Kunle Soname, wanda ya gina masa filinsa na kansa da makarantar renon yara. Kocinsu Daniel Ogunmodede ya zo na biyu a 2023, ba a kore shi ba. Ya sake zuwa na biyu a 2024, ba a kore shi ba. A 2025 ya ɗauki kofi, a cikin kakar nan da idon kowa ke kan taurarin Kano. Ƙaramin gari ke nan ya sha gaban manyan birane masu gwamnatoci a bayansu, ba da wani asiri ba, sai da fili mai kyau, da yaran da aka rena a gida, da kocin da aka bari ya koyi darasi daga faɗuwarsa. Mai haƙuri, in ji Hausawa, ya kan dafa dutse har ya sha romonsa.

Adalci ya wajaba in kawo hujjar waɗanda ba su yarda da ni ba, gama suna da ita, kuma mai ƙarfi ce. Za su ce, ka manta da Kwaddibuwa? A watan Janairu na 2024, a gasar cin kofin Afirka da suka karɓi baƙuncinta, Ikwatoriyal Gini ta ci su 4 da nema, suka kori kocinsu Jean-Louis Gasset ana tsakiyar gasa, suka ɗora mataimakinsa Emerse Fae, kuma a wasan ƙarshe mu ɗin nan suka doke da ci 2 da 1 a Abijan. Za su ƙara da Chelsea, wadda ta sake koci a tsakiyar kaka a 2012 da 2021, kuma duka biyun ta ci kofin zakarun Turai. Gaskiya ne, ba na musu. Akwai kocin da 'yan wasa sun daina jin maganarsa, akwai wanda aikin ya fi ƙarfinsa, kuma barin irin wannan a kan kujera cutar kulob ne. Amma a lura da abu guda. A duk misalan nan, komai na gidan yana nan daram: gwanayen 'yan wasa, albashi a kan kari, likitoci, filin atisaye. Abu ɗaya ne ya lalace, aka cire shi aka sa wani. Motar da injinta ke da lafiya, in direba ya gaza, sake direba zai kai ta gida. Motar da ba ta da mai ba ta da taya fa? Ko direban sarki aka kawo, a tasha za ta kwana.

Saboda haka kafin mu buɗe baki mu ce a kori koci, akwai tambayoyin da ya kamata mai ilimi ya yi. Shin shi ya zaɓi 'yan wasan nan, ko kuwa takardu aka aiko masa da su daga gidan wani babba, aka ce ga yaron wane a sa shi? Shin an biya shi, an biya yaransa? Shin yaran da ya karɓa bara sun fi yadda su ke a da, ko sun lalace a hannunsa? Shin in ka kalli wasa uku a jere kana gane abin da ya ke son yi, ko da bai yi nasara ba? Wanda ya amsa waɗannan sa'an nan ya ce a kori koci, to, maganarsa abin saurare ce. Wanda kuwa bai san amsar ko ɗaya ba, sai dai ya ga an ci kulob ɗinsa ya fusata, to, fushi ya ke yi, ba shawara ya ke bayarwa ba. Haka kuma game da sabon ɗan wasa. Kafin a yi ta kiɗa, a tambaya: wane gurbi ya zo cikewa, wata nawa zai zauna, kuma kuɗin da aka kashe a kansa albashin yara nawa ne da ke bin bashi?

Mu mutanen Kaduna mun fi kowa cancantar gane wannan, domin tarihinmu ya riga ya koya mana. Lokacin da garin nan ke tashe a fagen tamaula, ba sayen taurari ya ke yi ba, shi ke haifarsu wasu su saya. Rashidi Yekini, wanda ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a 1993, ya kuma ci wa Nijeriya ƙwallonta na farko a gasar cin kofin duniya a 1994, a kulob ɗin masaƙar UNTL ya fara. Kulob ɗin ma'aikatar ƙera makamai, DIC Bees, ya kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale a 1983. Da ya koma hannun marigayi Muktar Aruwa ya zama Ranchers Bees, ya sake kaiwa a 1987, ya kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na masu riƙe da kofi a 1988 inda Bizerte ta Tunisiya ta doke shi, ya kuma ci kofin Afirka ta Yamma a 1989 a hannun ASEC ta Abijan. A wasannin Olamfik na Atlanta a 1996, cikin tawagar da ta ciwo zinariya akwai 'yan Kaduna biyar: Amokachi, da Tijjani Babangida, da Garba Lawal, da Celestine Babayaro da wansa Emmanuel. A wasan ƙarshe da muka ci Ajantina 3 da 2, ƙwallo biyu daga cikin ukun nan 'yan Kaduna ne suka ci, Celestine da Amokachi.

Ina waɗannan yara suka fito? Daga filayen unguwa da na makarantu, da kulob-kulob na ma'aikatu waɗanda ke ba yaro aiki da albashi yana wasa, da masu horarwa na unguwa waɗanda ba a taɓa buga sunansu a jarida ba. Da masaƙun Kakuri suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya a shekarun 2000, ba ma'aikata kaɗai suka rasa abinci ba, tamaula ma ta rasa uwa. Daga baya Kaduna United ta ɗan share mana hawaye. A 2010, a ƙarƙashin Maurice Cooreman ɗan Beljiyam, ta doke Enyimba da bugun fenariti a Kano ta ɗauko kofin ƙalubale. A 2011 ta kai matakin rukuni a gasar Afirka, kuma a wannan shekarar ɗan wasanta Jude Aneke ya ci ƙwallo 20, ya karya tarihin ƙwallo 18 na Ahmed Musa. Kulob mai koci irin wannan da mai cin ƙwallo irin wannan, a ce me ya rasa? Amma a 2014 ya faɗa rukuni na biyu. Abin da ya rasa shi ne gindin zama, watau kuɗin shiga nasa na kansa da tsarin da ba ya mutuwa in masu mulki sun sake, ko hankalinsu ya koma wani wuri.

A nan ne na ke ganin ainihin ciwon ya ke. Yawancin manyan kulob-kulob na ƙasar nan na gwamnatocin jihohi ne. Gwamna ke naɗa shugabanni, shi ke sauke su, kuɗi kuwa sai fayil ya zagaya ofisoshi kafin ya fito, in ya fito. Sau da yawa sayen tauraro ma lissafin siyasa ne, domin hoton babban mutum yana miƙa wa sanannen ɗan wasa riga ya fi shiga jarida bisa ga gyaran ciyawar fili ko biyan bashin albashi. Korar koci kuma ita ce hanya mafi arha ta kwantad da hankalin jama'a. Mai goyon baya fa, ina matsayinsa a cikin wannan tsari? Ba shi da katin zama ɗan kulob, ba shi da ƙuri'a, bai taɓa ganin lissafin kuɗin kulob ba, ba ya iya shiga ofishin shugaba. Mutum ɗaya ne kawai hannunsa ke kaiwa gare shi, wanda ke tsaye a bakin fili a gabansa kowace Lahadi, watau koci, sai kuma alƙalin wasa. Don haka a kansu ya ke hucewa. Masu laifin na gaske kuwa suna zaune a inuwa, suna jin daɗin ihunmu, domin muddin muna zagin koci ba mai tambayarsu inda kuɗin ƙofa ya shiga.

Ba haka abin ya ke ko'ina ba. A Jamus doka ta tanadi cewa, in ban da 'yan kulob ƙalilan, 'ya'yan kulob su ke riƙe da rinjayen ƙuri'a, attajiri ba ya saye su ya yi yadda ya ga dama. Real Madrid da Barcelona mallakar 'ya'yansu ne, su ke zaɓen shugaba. A nahiyarmu ma ga Al Ahly ta Masar, wadda aka kafa a 1907 don ɗaliban birnin Alƙahira, wadda 'ya'yanta ke biyan kuɗin shekara suna zaɓen shugabanninsu, ta kuma ci kofin zakarun Afirka sau 12 ya zuwa 2024. Su ma suna korar koci, har ma da gaggawa, amma gidan ba ya rushewa don koci ya tafi, domin ba a kan mutum ɗaya aka gina shi ba. A lura da kyau, 'yan'uwa ɗalibai, don irinmu aka kafa kulob ɗin da ya fi kowane kofi a Afirka.

To, mene ne abin yi? A 'yan shekarun nan an ga alamun farfaɗowa, tun da Umar Sadiq, ɗan wasan gaban Super Eagles kuma haifaffen garin nan, ya sa hannunsa a cikin al'amuran Ranchers Bees. Wannan abin farin ciki ne, amma in muka zauna muna jiran mutum ɗaya ya ɗauke mana kaya, mun koma gidan jiya, sai dai wannan karon tauraron a ofis ya ke maimakon fili. Shawarata ta farko ita ce, ƙungiyoyin magoya baya su tashi daga matsayin 'yan kiɗa da tafi, su yi rajista, su buga katin shekara, su nemi kujera a hukumar kulob, su kuma nemi a riƙa karanta lissafin kuɗi a bainar jama'a ƙarshen kowace kaka. Ta biyu, mu biya kuɗin ƙofa. Wanda ya haura katanga ya shiga fili, sa'an nan ya ce a sayo masa ɗan wasa daga Turai, da kuɗin wa? Abin da saurayi ke kashewa a gidan kallo a wata guda, in ya raba biyu ya kai wa kulob ɗin garinsa rabi, mu dubu nawa ne a tsakanin Doka da Tudun Wada da Kakuri? Ta uku, mu riƙe hannunmu. Duk dutsen da aka jefa cikin fili, tara ce a kan kulob, ko ragin maki, ko korarsa zuwa wani gari, kamar yadda Kano ta gani a 2022.

Ta huɗu kuwa ta shafe mu kai tsaye, mu da ke makaranta da waɗanda suka fara aiki. A cikinmu akwai masu karatun lissafin kuɗi, da na shari'a, da na aikin jinya, da na aikin jarida. Kulob yana bukatar akawu mai gaskiya, da lauyan da zai rubuta kwantiragin da ba za a cuci yaro ba in an sayad da shi waje, da mai duba raunin 'yan wasa, da ɗan jaridar da zai tambayi shugaba abin da ba ya son a tambaya. A cikinmu kuma akwai waɗanda gobe fayil ɗin albashin 'yan wasa zai biyo ta teburinsu a ma'aikatar wasanni ko ta kuɗi. Ranar da ya zo, a tuna cewa kwana ɗaya da fayil ɗin nan ya yi a cikin durowa ya fi kuskuren koci goma yi wa kulob lahani. Malaman firamare da sakandare a cikinmu kuma su tsare filayen makarantunsu kada a yanka su a yi shaguna, gama a irinsu ne aka tsinci waɗanda suka ciwo zinariya a 1996.

Son kulob ba laifi ba ne, gardamar koci da sabon ɗan wasa kuwa ita ce gishirin kallon ƙwallo, ba mai cewa a daina. Abin da na ke roƙo kawai shi ne, idan mun gama da koci, mu ɗaga kai mu dubi wanda ya ɗauke shi aiki, mu tambaye shi lissafi, sa'an nan mu dubi aljihunmu da hannuwanmu mu ga abin da muka ba kulob ɗin da mu ke cewa namu ne. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.